"Za a bayar idan an nema": alƙawarin da mu masu bincike ba mu cikawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kuma ni kaina ina cikin masu laifinsa.

Na daɗe ina karanta jaridarku, kuma da wuya mako ya wuce ban ci karo da labarin da aka fara da "wani bincike ya gano cewa" ba. Ni malamin ƙididdiga ne a jami'a, na haura shekara 20 ina koyarwa ina kuma buga maƙaloli a mujallun ilimi, saboda haka na san abin da ke ƙarƙashin wannan jimlar. Sau da yawa akwai aiki na gaske. Wani lokaci kuwa, in ka tona, ba za ka tarar da komai ba sai takardar da aka buga, alƙaluman da aka gina ta a kansu sun bi iska.

Bari in fara da nawa, tunda laifi tudu ne.

Watannin baya wata ɗaliba mai karatun digiri na uku a wata ƙasa ta aiko mini da imel. Tana tattara binciken da aka yi a wurare daban-daban kan yadda nisan gida da asibiti yake shafar saurin kai yaro mai zazzaɓi wajen likita, tana so ta haɗa alƙaluman wuri guda ta sake lissafi. A cikin abin da ta tattaro har da wata maƙala da muka buga ni da abokan aikina shekara 11 da suka wuce. Cikin ladabi ta kwafo mini jimlar da ni na rubuta da hannuna a ƙarshen maƙalar, cewa za a ba duk wanda ya nema bayanan binciken idan ya tuntuɓi marubuci. To ga ta, ta tuntuɓa.

Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne. Na ɗauko tsohuwar kwamfutar da na yi aikin da ita, batirinta ya kumbura har ya ɗaga madannai, ta ƙi tashi. Na zazzage durowa, na samo wani faifan CD da na rubuta sunan aikin a bayansa da maka. Kwamfutar da nake amfani da ita yanzu ba ta da wurin sa faifai ma, sai da na ari na'urar karantawa wajen wani abokin aiki. Faifan ya buɗe, na yi hamdala. A ciki akwai fayil uku: ɗaya "ƙarshe", ɗaya "ƙarshe2", na ukun "ƙarshe na gaske". Na farko yana da layi 612, na biyu 598, na uku 604. Maƙalar da aka buga ta ce gidaje 601 muka yi lissafi da su. Babu ko ɗaya da ya yi daidai, kuma ban iya tuna waɗanne gidaje muka cire ba, balle dalilin cire su.

Wannan ma mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Kan kowane jeri babu komai sai irin su T7a, T7b, T12, a ƙarƙashinsu kuma lambobi zalla: 1, 2, 3, 9, 99. Shin 1 namiji ne ko mace? Wannan 9 ɗin, kwana tara ake nufi ko kuwa alamar cewa mai amsa ya ƙi amsawa? Nisan da ke jeri na goma sha biyu, kilomita ne ko mintocin tafiya? Fassarar duk waɗannan lambobin tana cikin wani littafin rubutu mai shuɗin bango da mataimakina a wannan aikin yake riƙe da shi. Ya rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Takardun tambayoyin da aka cike da hannu kuwa, tun lokacin da aka sauya mana ofis aka jibge su a wani sito, gara ta yi musu kaca-kaca. Na zauna ina kallon allon kwamfuta, ga aikina na wata takwas a gabana, kowace lamba tana nan daram, amma ba mai iya sa ta magana.

Mako uku na yi ban ba yarinyar nan amsa ba. Kullum in na buɗe imel sai in ga saƙonta, in tsallake. Kunya ce kawai. Kuma a waɗannan makonnin na gane abin da ya sa wasu da ni ma na taɓa rubuta wa a baya suka yi gum. Da ina zaton rowa ce ko girman kai. Yanzu ina kyautata zaton da yawansu durowa suka zazzage kamar yadda na zazzage.

Abin da ya same ni an auna shi, ba ni kaɗai ba ne. A 2014 mujallar Current Biology ta buga aikin Timothy Vines da abokansa daga Kanada. Sun ɗauki maƙaloli 516 na ilimin halittu da aka buga tsakanin 1991 da 2011, suka bi marubutan suna neman alƙaluman. Waɗanda aka tabbatar bayanansu suna nan ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma duk shekarar da maƙala ta ƙara, damar a samu bayananta tana raguwa da kusan kashi 17 cikin ɗari. Wasu adireshin imel ɗinsu ya mutu, wasu sun ce abin ya ɓata, wasu kuma yana kan irin faifan da aka daina ƙera na'urar karanta shi. Sai a 2022 wasu masu bincike daga Kuroshiya suka gwada ita kanta jimlar tawa. Suka rubuta wa marubutan maƙaloli 1,792 da suka yi alƙawarin bayarwa idan an nema. Kashi 93 cikin ɗari ko dai ba su amsa ba ko sun ƙi. Waɗanda suka bayar kusan kashi 7 ne. Su kuma waɗannan maƙalolin sababbi ne, ba a ma kai ga batun gara ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar malaman jami'a ce, ina ruwansa. Da ruwansa, domin maganin da likita zai rubuta masa da manufar da gwamnati za ta ɗora masa daga irin waɗannan takardun ake ɗauko su. Maƙalar da ake bugawa a mujalla taƙaitawa ce, shafi goma ko sha biyu da ke ba da labarin abin da mai bincike ya ce ya gani. Shaidar tana cikin ɗanyen bayanan: amsar kowane mutum, awon kowane samfuri, da matakan lissafin da aka bi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, masanan da mujalla take ba maƙala su tantance kafin a buga, galibi ba sa ganin waɗannan bayanan. Na yi wannan aikin tantancewar sau da dama. Ana turo mini rubutu da jadawali, in duba ko hanyar da aka bi ta dace, ko hujjar ta tsaya, in mayar. Lambobin kuwa amana ce nake karɓa. Ka ɗauka alƙali ne aka kawo masa bayanin mai ƙara a rubuce, aka ce shaidu suna gida, za a kawo su idan an nema.

Misalin da nake ba ɗalibaina kowace shekara shi ne na Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, manyan masana tattalin arziki a Amurka. A 2010 suka fitar da maƙala da ta nuna cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arzikinta tana faɗuwa, matsakaicinta har ya gangara ƙasa da sifili kaɗan. 'Yan siyasa a Amurka da Turai suka riƙa kafa hujja da ita wajen tsuke bakin aljihu. Shekara uku bayan nan wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, aka ba shi aikin aji ya maimaita lissafin wata sananniyar maƙala. Ya yi ya yi, lissafin ya ƙi fitowa. Daga ƙarshe ya roƙi marubutan, suka turo masa ainihin fayil ɗin Excel ɗinsu. Yana buɗewa ya ga wajen ɗaukar matsakaici an ja linzami bai kai ƙarshen jerin ba, ƙasashe biyar cikin 20 sun zube: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da shi da malamansa biyu suka gyara wannan, suka mayar da wasu shekaru da aka bari a waje, suka sauya yadda aka auna nauyin kowace ƙasa, sai lambar ta tashi zuwa kashi 2.2. Kuskuren linzamin shi kaɗai ba shi ne ya kawo duk bambancin ba, kuma marubutan sun amsa kuskuren amma sun ci gaba da kare ra'ayinsu cewa bashi mai yawa yana tafiya da raunin bunƙasa. Ni abin da nake nuna wa ɗalibai a labarin shi ne sun turo fayil ɗin. Mutane sun yi musu dariya, ni kuwa ina ganin girmansu, domin da sun yi shiru irin nawa, da har yau ba wanda ya sani.

Akwai kuma inda shirun ba na kunya ba ne. A ranar 22 ga Mayun 2020, annobar korona tana tsaka da ci, mujallar The Lancet ta buga maƙalar da ta ce an duba bayanan marasa lafiya fiye da 96,000 a asibitoci 671, an gano maganin hydroxychloroquine yana ƙara haɗarin mutuwa ga masu korona. Cikin kwana uku Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin a binciken da take gudanarwa. Bayanan sun fito ne daga wani ƙaramin kamfani mai suna Surgisphere. Masana da 'yan jarida suka fara lura da abubuwan da ba su shiga hankali ba, ciki har da cewa adadin mamatan da aka jingina wa asibitocin Ostireliya ya fi wanda ƙasar baki ɗaya ta bayyana a lokacin. Aka ce a kawo bayanan masu bincike na waje su duba, kamfanin ya ƙi, yana fakewa da yarjejeniyar sirri. Ranar 4 ga Yuni aka janye maƙalar, tare da wata a New England Journal of Medicine. Marubuta uku daga cikin huɗu suka ce ba za su iya tsaya wa sahihancin alƙaluman da sunansu yake kai ba. Kwana 13 ke nan tsakanin bugawa da janyewa, kuma tambayar da ta rushe maƙalar tambaya ce da ake iya yi tun kafin a buga.

Wani edita a Japan, Tsuyoshi Miyakawa na mujallar Molecular Brain, ya gwada yin tambayar tun kafin. Ya ba da labari a 2020 cewa maƙaloli 41 da ya ga sakamakonsu ya yi kyau fiye da kima, ya ce marubutan su kawo ɗanyen bayanai. 21 suka janye maƙalarsu ba tare da sun kawo komai ba. Cikin 20 da suka rage ya ƙi 19 saboda abin da suka kawo bai isa ba. Ɗaya ta tsira.

Ba na so wasiƙar nan ta zama kamar farautar ɓarayi, domin yawancin abin da buɗe bayanai yake kamawa kuskure ne irin na ɗan Adam, wani ma har da ban dariya. Masu nazarin ƙwayoyin gado suna da wata ƙwaya da ake kira MARCH1 da wata SEPT2. In ka rubuta su a Excel, sai manhajar ta ɗauka kwanan wata ne, ta mayar da su 1 ga Maris da 2 ga Satumba ba tare da ta tambaye ka ba. A 2016 wasu masu bincike a Ostireliya suka duba fayilolin da aka liƙa wa maƙaloli, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na masu jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel suna da wannan ɓarnar. Abin ya ishi kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin suna, a 2020 ya sauya musu suna, MARCH1 ta koma MARCHF1. An gano wannan ne kawai don fayilolin suna inda kowa zai iya buɗewa.

Amfanin da ya fi kama kuskure girma shi ne wanda mai tara bayanan bai ma yi mafarkinsa ba. A 1971 aka buɗe rumbun ajiyar siffofin furotin da ake kira Protein Data Bank da siffofi bakwai kacal. Shekara da shekaru masu bincike suna zuba abin da suka gano, har ya zama mujallu ba sa buga maƙalar siffar furotin sai an ajiye alƙaluman a can. Yau siffofin sun haura 200,000, kuma da su aka horar da manhajar AlphaFold mai hasashen siffar furotin, wadda masu ƙera ta, Demis Hassabis da John Jumper, suka samu rabin kyautar Nobel ta sinadarai a 2024. Wanda ya zuba tasa siffar a 1985 bai san da su ba. Haka a ranar 11 ga Janairun 2020 Zhang Yongzhen na Shanghai da Edward Holmes na Sidni suka saki jerin ƙwayoyin gadon sabuwar cutar korona a intanet, cikin 'yan kwanaki aka fara tsara gwajin gano cutar da allurar rigakafi a ƙasashen da ba su ma taɓa ganin ƙwayar ba.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na jihar Minnesota a Amurka. Tsakanin 1968 da 1973 wani likita, Ivan Frantz, ya jagoranci gwaji kan mutane fiye da 9,000 a asibitocin ƙwaƙwalwa da gidan kula da tsofaffi, don a ga ko sauya kitsen dabba da man tsirrai yana rage mutuwa daga ciwon zuciya. Ba a taɓa buga cikakken sakamakon ba. Bayan shekara 40 wani mai bincike, Christopher Ramsden, ya bi sawun aikin, ɗan marigayin, Robert Frantz, ya shiga ɗakin ƙasa na gidan mahaifinsa ya tono tsofaffin kaset ɗin kwamfuta da takardu. Da aka sake lissafi aka buga a mujallar BMJ a 2016: kitsen jini ya sauka, amma ba a ga raguwar mutuwa ba. Abin da aka tono ɗin ma bai cika ba, wani sashe ya ɓata. Ka duba, Edita, gwaji kan mutum dubu tara, makomarsa ta rataya a kan ko ɗa zai share ɗakin uban ya zubar da tarkace ko ba zai share ba.

Yanzu bari in yi wa masu ƙin bayarwa adalci, domin suna da hujja, kuma ni ma na taɓa faɗinta da bakina. Mutum ya yi shekara uku yana neman kuɗin bincike, ya yi wata takwas yana bin gida gida, ya tara alƙaluman da yake sa ran zai fitar da maƙala huɗu daga cikinsu. Ya buga ta farko, aka ce ya saki komai. Wani da ke da manyan kwamfutoci da mataimaka goma ya sauke, cikin wata biyu ya fitar da sauran ukun. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2016 editocin New England Journal of Medicine sun rubuta cewa akwai masu bincike da ke kallon irin waɗannan mutanen a matsayin kaska mai shan jinin aikin wasu, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan kalmar. Tsakanin ƙasashe ma abin ya fi zafi. A 2007 Indunusiya ta daina ba Hukumar Lafiya ta Duniya samfurin ƙwayar murar tsuntsaye, tana cewa kamfanoni suna yin rigakafi da samfurinta su sayar mata da tsadar da ba za ta iya ba, sai a 2011 aka cimma yarjejeniyar raba amfani. A Nuwamban 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in Omicron na korona suka sanar da duniya nan take, ladan da suka samu shi ne ƙasashe suka rufe wa yankinsu hanyar jiragen sama.

Duk wannan gaskiya ne, amma maganinsa a gyara rabon lada ne. A ba wanda ya tara bayanai wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, ya ci gajiyar guminsa kafin a buɗe wa kowa, amma a ajiye su a rumbu tun ranar bugawa, ko da a kulle. Duk wanda ya yi amfani da su ya ambaci mai su kamar yadda ake ambaton maƙala, in aikin ya yi zurfi a gayyace shi cikin marubuta. Kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i kuma su daina ƙirga maƙaloli kawai. Na zauna a irin waɗannan kwamitocin, ban taɓa jin an tambayi kowa ina ya ajiye bayanansa ba. Mutum ba zai ɓata mako biyu yana tsaftace fayil da rubuta masa bayani ba matuƙar ya san babu gurbinsa a takardar da za a auna shi da ita.

Hujja ta biyu ita ce sirrin mutane, kuma wannan ta fi ƙarfi. Goge suna daga jadawali ba ya isa. A 1997 Latanya Sweeney, tana ɗaliba a lokacin, ta ɗauki bayanan asibiti na ma'aikatan jihar Massachusetts da aka saki bayan an cire sunaye, ta haɗa da rajistar masu zaɓe, da ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa kawai ta zaƙulo bayanan gwamnan jihar, William Weld. Matar da ta amsa mini tambaya kan rashin lafiyar ɗanta ta amsa ne don ta yarda da ni, ba ta yarda a baje ta a intanet ba. To amma tsakanin bajewa a fili da bari a durowa akwai hanya. Akwai rumbunan da suke riƙe bayanai a kulle, ba sa buɗe wa kowa sai mai binciken da ya nema a rubuce, kwamiti ya duba, ya sa hannu cewa ba zai nemi gano kowa ba. Kuma tun a takardar neman izini ake gaya wa mai amsa cewa za a ajiye amsarsa, a gaya masa wa zai iya gani. Ni a wancan aikin ban sa wannan a takardar izini ba, domin ko kaɗan bai zo mini a rai ba.

Sai batun ajiyar kanta, wanda mutane suke ɗauka an gama da shi da zarar an ɗora abu a intanet. Shafin sashen jami'a yana mutuwa ranar da aka sauya kamfanin da ke kula da shi. Mujallu ma suna mutuwa: wani bincike da Mikael Laakso da abokansa suka yi ya ƙirga mujallun ilimi na kyauta fiye da 170 da suka ɓace daga intanet tsakanin 2000 da 2019. Manyan cibiyoyi ma ba su tsira ba. A Disamban 2021 Jami'ar Kyoto ta yi asarar kusan terabait 77 na bayanan bincike, kuma manhajar da aka ɗora wa aikin yin kwafin ajiya ita ce ta goge su. Ma'aikatan ɗakin karatu sun riga mu gane wannan, shi ya sa tsarin ajiyar da aka fara a Jami'ar Stanford a 1999 suka sa masa suna LOCKSS, taƙaitaccen jimlar da ke nufin yawan kwafi shi ke tsare kaya. Rumbuna irin su Zenodo, wanda cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, ta buɗe a 2013, da Dryad, suna ba kowane tarin bayanai lambar DOI, wadda ke ci gaba da kai mutum wurin ko an sauya adireshi. Masu ba da kuɗi da mujallu sun fara matsawa: mujallun PLOS tun 2014 suke neman a bayyana inda bayanan suke, cibiyoyin lafiya na Amurka, NIH, kuma daga 25 ga Janairun 2023 suna neman tsarin ajiya da rabawa tun a takardar neman tallafi. Ƙa'idojin da aka buga a 2016 da sunan FAIR sun taƙaita abin da ake so: a iya gano bayanan, a iya kai wa gare su, su karantu a na'urori daban-daban, a iya sake amfani da su.

Na ƙarshen nan shi ne wanda ya kayar da ni. Faifaina bai lalace ba. Da na ɗora "ƙarshe na gaske" a Zenodo shekara 11 da suka wuce yadda yake, da yau yana nan da lambarsa, kuma da ba shi da amfani ga kowa. Abin da ya ɓata shafi biyu ne na bayani: wannan jerin ma'anarsa kaza, 9 na nufin ba a amsa ba, mun cire gidaje kaza saboda dalili kaza, ga matakan lissafin a jere. Aikin yini ɗaya ne a lokacin da abin yake sabo a kaina.

Tun daga nan na sauya yadda nake duba ɗalibaina. Kafin in sa hannu a kundin kowa, sai ya kawo mini jaka guda a kwamfuta: ɗanyen bayanai da ba a taɓa ba, wanda aka tsaftace, fassarar kowane jeri, da umarnin lissafi, duk a sigar rubutu zalla da kowace kwamfuta za ta iya buɗewa ko bayan shekara 30. Sai in kira wani ɗalibi da bai san aikin ba, in zaunar da shi, in ce mai kundin ya fita waje. In baƙon ya iya fito da jadawali na biyu na kundin ba tare da ya leƙa ya yi tambaya ba, an wuce. Ranar farko da na gwada wannan, minti bakwai aka yi aka buɗe ƙofa ana tambayar me 88 take nufi. Mai kundin ya sosa ƙeya, ya ce bari ya tuna. Wata biyar kacal da gama tara bayanan nasa.

Roƙona gare ka, Edita, ƙarami ne. Idan wakilinka zai kawo labarin wani bincike, ya ƙara tambaya ɗaya kan waɗanda ya saba yi: ina bayanan suke, wa ya gan su ban da marubutan? In an ce suna rumbu kaza, ya rubuta. In an ce suna kulle saboda sirrin marasa lafiya amma ga hanyar nema, ya rubuta, wannan amsa ce mai kyau. In an ce za a bayar idan an nema, to ya nema, ya gaya mana abin da aka ce masa.

Ita kuwa ɗalibar, daga ƙarshe na rubuta mata gaskiya. Na tura mata fayilolin uku da abin da na iya tunawa, na nuna mata jeri shida da nake da tabbacin ma'anarsu, na ce sauran ba zan rantse a kansu ba. Ta yi godiya fiye da yadda na cancanta. Kwanan baya ta turo mini daftarin aikinta. A shafi na huɗu akwai jerin binciken da ta cire daga lissafi tare da dalilin cire kowanne. Namu ne na uku, a gabansa an rubuta cewa ba a iya tantance bayanan ba.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin ƙididdiga, mai karanta jaridarku.